Yadda Ake Naɗar Kiɗan Fiyano a Gida: Jagora ga Mai Kiɗan Sha'awa a Kaduna

Wanda ya daɗe yana kaɗa fiyano don sha'awa, ko a gida ya koya ko a coci ko a makaranta, wata rana sai ya so ya ji kansa kamar yadda mai sauraro yake jin sa. Sai ya ɗora waya a kan murfin fiyano, ya kaɗa abin da ya shafe makonni yana bita, ya kunna ya saurara, ya ji sautin ya cushe kamar daga cikin randa yake fitowa, ga kukan fanka, ga hon ɗin Keke Napep daga bakin titi. Yawancin mutane a nan suke ɗora wa waya laifi, su fara tambayar farashin makirufo. A ganina gaggawa ce, domin mafi yawan abin da ke sa naɗi ya yi kyau ko ya lalace yana faruwa ne tun kafin a danna maɓallin naɗi, wato halin da fiyanon yake ciki, da ɗakin da aka ajiye shi, da lokacin da aka zaɓa, da wurin da aka tsayar da makirufo. A garin Kaduna kuwa, inda hunturu da damina suke juya katako yadda suke so, waɗannan abubuwa sun fi kowace na'ura muhimmanci.

Ya kamata a fara da sanin dalilin da ya sa fiyano yake da wuyar ɗauka. Cikakken fiyano yana da madannai 88, kuma sautinsa yana tashi daga Hz 27.5 (Hz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya) a madannin da ya fi kauri zuwa kusan Hz 4,186 a wanda ya fi siranta, faɗin da kayan kiɗa kaɗan ne suke da irinsa. Ban da wannan, tun lokacin da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro shi a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne yana iya yin raɗa, yana kuma iya yin tsawa, gwargwadon nauyin yatsa. Sautin kuma ba daga wuri ɗaya yake fita ba, daga faffaɗan allon katako yake bazuwa ko'ina. Saboda haka makirufo yana ɗaukar fiyano da ɗaki a haɗe, ba ya iya raba su.

Matakin farko shi ne fiyanon kansa. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230, waɗanda jimillar ɗaurinsu ta kai wajen tan 18 zuwa 20, kuma dukkansu sun dogara ne a kan allon sauti na katako wanda yake shan laima yana kumbura, yana bushewa yana motsewa. Masu ƙera fiyano suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A Kaduna, a tsakiyar hunturu, wato Janairu da Fabrairu, laima takan sauka ƙasa da kashi 20 a wasu ranaku, sannan a watan Agusta ta haura kashi 80. Idan damina ta kankama allon yakan kumbura, sautin ya ɗan hau sama da saitinsa, idan hazo ya sauko kuma ya sauka ƙasa. Abin da ya fi ɓata naɗi shi ne yawancin madannai tsirkiya uku ƙaramar guduma ɗaya da ke cikin fiyano take bugawa idan an danna su, kuma idan ɗaya ta zame daga 'yan uwanta sai a ji sautin yana rawa yana kaɗawa. Kunne yakan saba da wannan a cikin ɗaki har ya daina lura, amma makirufo ba ya sabawa, kuma babu manhajar da za ta gyara shi daga baya.

Don haka a kira mai saita fiyano kwana biyu ko uku kafin ranar naɗi, a ce masa ya saita madannin A na tsakiya a kan Hz 440, wanda shi ne ma'aunin da duniya ta amince da shi. Wanda bai san inda zai same shi ba, ya tambaya a manyan coci-coci da makarantun da suke da fiyano, domin su ne suke hulɗa da masu wannan sana'a. Kada a yi saiti a makonnin da yanayi yake sauyawa, kamar farkon saukar ruwa a Afrilu da Mayu ko shigowar iskar hunturu a Nuwamba, gara a jira yanayin ya zauna. Haka nan idan an ɗauko fiyano daga wani gida, a ba shi kamar mako biyu ya saba da sabon wuri tukuna. Tun da mai saitin ya zo, a nuna masa fedar da take ƙara, da madannin da yake maƙalewa, a kuma duba kujerar da ake zama, domin kujera mai ƙiƙi-ƙiƙi ta ɓata naɗi fiye da yadda ake zato. A kwashe hotuna da fitilu da littattafan da aka jera a kan murfi, dukkansu suna karkarwa idan an bugi kaurin sauti.

Daga nan sai zaɓen lokaci. Ka zauna a ɗakin minti biyar ba tare da ka taɓa komai ba, ka rufe ido, ka rubuta duk abin da ka ji. Za ka yi mamakin yawansu: firji, agogon bango, famfon da ke ɗiga, sitabilaiza mai ƙas-ƙas, janaretan maƙwabta, injin markaɗe. Wanda yake zaune kusa da Ahmadu Bello Way ko titin Kachia zai yi fama da motoci, na wajen Mando da Kawo yakan ji jiragen sama, na Rigasa kuma yana da jirgin ƙasa da lokutansa sanannu ne. A san lokutan kiran salla a bar su, a bar safiyar Lahadi da yammacin da ake addu'o'i a cocin unguwa. Lokuta biyu ne suka fi dacewa a yawancin unguwanni, hantsi a ranakun aiki bayan yara sun tafi makaranta, ko bayan sallar isha'i da ɗan jimawa, amma na biyun sai an nemi yardar maƙwabta, musamman a gidan haya. Idan rufin kwano ne kuma hadari ya haɗo, a haƙura da wannan ranar.

Batun wuta yana da sauƙi fiye da yadda ake tsammani. Ƙugin janareta sauti ne mai kauri da yake ratsa bango da ƙasa, kuma yana zaune ne daidai inda madannan hagu suke, don haka cire shi daga baya yana nufin yanke wani ɓangare na kiɗan. Mafita ita ce a cika cajin kwamfutar tafi-da-gidanka, a cire ta daga soket, a yi aikin gaba ɗaya da batir. Wannan yana kuma maganin wani gurnani da ake ji idan wayoyin gida ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, gurnanin Hz 50, wanda shi ne bugun wutar lantarkin Najeriya. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki dole a kashe su, shi ya sa naɗi a watan Maris da tsakar rana azaba ce. A sanyaya ɗakin tukuna, a kashe, a yi minti 15 ana aiki, a huta a sake kunnawa.

Ɗakunanmu na zamani, masu bangon siminti da daɓen tayil da silin mai santsi, abokan gabar makirufo ne. Ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani siririn amo yana kai da komowa tsakanin bango da bango kamar ƙarar ƙarfe, ɗakin yana buƙatar tufafi. A shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri a ƙarƙashin fiyano da gabansa, a sauke labule, a jingina katifa a bangon da yake fuskantar fiyano, a bar kujerun kushin a inda suke. Kantar littattafai ma tana da amfani, domin tana warwatsa sauti. Kiret ɗin ƙwai da wasu suke mannawa a bango ba ya yin komai ga kaurin sauti, ɓata bango ne kawai. Kada kuma a wuce gona da iri, domin fiyano a ɗakin da aka toshe sarai yana fitowa a bushe ba rai. Falo ya fi ɗakin kwana, kuma ɗaki mai tsawo ya fi mai kusurwa huɗu daidai, saboda sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, ɗaki mai faɗin mita 4 kuwa yana kumbura sautin da ke wajen Hz 43, kuma idan tsawo da faɗi ɗaya ne sai kumburin ya ninku. Fiyano mai tsayuwa, irin wanda ake jinginawa da bango, daga bayansa mafi yawan sauti yake fita, don haka a jawo shi aƙalla rabin mita daga bango, kuma kada a cusa shi a lungu.

Sai a yanzu za a yi maganar kayan aiki, kuma ba ta da tsawo. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin rakoda na hannu mai makirufo biyu a kansa, irin su Zoom H4n ko H5, wanda yake aiki da batir, a ɗora shi a kan sandar kyamara. Hanya ta biyu ita ce makirufo biyu iri ɗaya na kondensa, irin wanda ake amfani da shi a situdiyo, da wayoyin XLR biyu, wato wayoyin makirufo masu fil uku, da sanduna biyu, da akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu, kamar Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, wanda yake shan wuta daga kwamfuta ta USB. Makirufon kondensa yana buƙatar wuta mai bolt 48, akwai maɓallinta a jikin akwatin, kuma sai an gama haɗa wayoyi ake kunna shi. Makirufon da ake riƙewa a hannu wajen taro an yi shi ne don murya daga kusa, ba zai kama siririn amon fiyano yadda ya kamata ba. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. A ƙara da hedfon mai rufe kunne. Wanda waya kaɗai gare shi, ya sa ta a yanayin jirgin sama, ya nemi manhajar da take barin a kashe daidaita ƙarfin sauti na kai tsaye da tace hayaniya, domin waɗannan biyun don hira aka yi su, kuma suna ɗaukar wutsiyar sautin fiyano a matsayin hayaniya su datse ta.

Wurin tsayar da makirufo shi ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a kashe lokaci. Kafin ka taɓa sanda, ka samu wani ya riƙa kaɗawa, kai kuma ka toshe kunne ɗaya da yatsa ka zagaya fiyanon, kana durƙusawa kana miƙewa, har ka samu inda kauri da siranta suka daidaita. Nan za ka fara gwadawa. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce duk lokacin da ka ninka tazara tsakanin makirufo da fiyano, sautin da ke zuwa kai tsaye yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amon ɗaki da hayaniyar waje kuma suna nan yadda suke. Ke nan idan ɗakin bai da daɗin amo ko unguwar tana da hayaniya, sai a matso kusa, idan kuwa falon yana da faɗi da shiru, sai a ja baya a bar ɗakin ya taimaka. Matsowa ma tana da iyaka, domin idan aka kusanci guduma sosai za a ji ƙwas-ƙwas ɗin katako, kuma madannan da ke ƙarƙashin makirufo za su danne sauran.

Akwai hanyoyi uku na jera makirufo biyu. Ta farko ita ce a haɗa kawunansu wuri ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, su yi kusurwa mai digiri 90, kuma ita ce mafi aminci ga mai koyo, ko da yake sautinta ba shi da faɗi sosai. Ta biyu, wadda gidan rediyo da talabijin na Faransa ya tsara wajen 1960 kuma ake kiranta da sunansa, ORTF, ita ce a bar santimita 17 tsakanin kawunan, su buɗe da digiri 110, kusan yadda kunnuwan mutum suke. Ni ita na fi so ga fiyano shi kaɗai, domin tana ba da faɗi ba tare da ta yage kiɗan gida biyu ba. Ta uku ita ce a raba su da tazarar santimita 40 zuwa 60, ɗaya a ɓangaren kauri ɗaya a ɓangaren siranta. Tana da armashi, amma tana da tarko, domin sauti yana isa ga makirufo ɗaya kafin ɗayan, kuma idan aka haɗe su wuri ɗaya wasu sautuka suna kashe juna. Tun da yawancin masu sauraro a lasifikar waya za su ji, dole ne a gwada: a haɗe hagu da dama a manhaja a saurara, idan fiyanon ya rame ko kaurinsa ya ɓace, a matso da su kusa da juna.

Ga fiyano mai tsayuwa, a buɗe murfin sama, a rataya makirufo biyun santimita 30 zuwa 50 a bisa bakin, suna kallon ciki. Idan sautin ya shaƙe, a cire allon gaba da ke saman madannai, yawanci maƙalai biyu ne kawai suke riƙe da shi, a sa makirufo ta saman kafaɗun mai kiɗa. Hanyar da mutane ba su cika gwadawa ba ita ce ta baya, a fuskanci allon sauti daga tazarar santimita 30, wadda take ba da sauti mai ɗumi kuma ba ta kama ƙarar feda da farce. Ga babban fiyano mai kwanciya, a ɗaga murfin a kan doguwar sandarsa, a tsaya a wajen lanƙwasar jikinsa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tsayin da makirufo zai hango tsirkiyoyi. Kowane wuri aka gwada a naɗi daƙiƙa 30 na yanki ɗaya, a faɗi da baki a farkon naɗin inda makirufo yake, a saurara, a matsar da tafin hannu ɗaya, a sake. Idan an dace, a manna salatif a ƙasa a ƙafafun sanduna, a ɗauki hoto.

Da yawa a Kaduna kibod ne gare su, ba fiyanon katako ba, kuma aikinsu ya fi sauƙi. Kada su sa makirufo a gaban lasifikar kibod. Su ɗauki waya biyu daga ƙofofin fitar sauti na hagu da dama zuwa akwatin shigar da sauti, ta haka janareta da Keke Napep ba su da hanyar shiga. Wasu kibod ɗin ma suna naɗa kai tsaye a kan filasha. Akwai kuma MIDI, tsarin da aka fito da shi a 1983, wanda ba sauti yake ɗauka ba sai bayanin wane madanni aka danna, da wane ƙarfi, da tsawon lokacin, sannan manhaja irin su Pianoteq ta mayar da shi sautin babban fiyano.

A manhaja, wajen saita ingancin naɗi, a zaɓi bit 24 da kHz 48, musamman idan za a haɗa da bidiyo. Sai mai kiɗa ya kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a cikin kiɗan, da ƙarfinsa na gaskiya, a murɗa maɓallin shigar sauti har ƙololuwar ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, wanda shi ne iyakar sama ta ma'aunin manhajar. Wannan rata tana da dalili, domin kusan kowa yana ƙara ƙarfi idan naɗi na gaske ya fara, kuma sautin da ya taɓa sifili ya fashe ke nan, ba ya gyaruwa, alhali wanda ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya ba tare da asara ba. Da zarar an saita kada a sake taɓawa har a gama, in ba haka ba yankuna ba za su haɗu ba. Minti ɗaya a wannan ma'auni yana cin kusan megabait 17, sai a tabbatar akwai wuri.

Ranar naɗi, abin da yake kayar da mai kiɗan sha'awa shi ne tsoron jar fitilar da ke nuna an fara naɗi. Yatsun da suka san hanya jiya sai su rikice yau. Maganinsa shi ne a kunna naɗi a bar shi yana tafiya, a kaɗa kiɗan daga farko zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu ba tsayawa ko da an yi kuskure, sannan a koma wuraren da suka ƙi, a fara daga layi biyu kafin wurin a wuce shi da layi biyu, don a samu inda za a haɗa. Kafin kowane zubi a duba saurin da na'urar ƙidayar bugu sannan a kashe ta, domin zubin da ya fi ɗan uwansa sauri ba ya haɗuwa da shi. A yanke farce, a cire zobe da agogo da awarwaro, a sa takalmi mai taushi ko a taka feda da safa, a manna shafukan nota a jere don kada a ji buɗe takarda. A rage feda kaɗan fiye da yadda aka saba, saboda a naɗi sautuka sun fi saurin cakuɗewa. Bayan bugun ƙarshe a bar hannu da ƙafa a inda suke har sautin ya mutu da kansa, a ƙirga biyar a zuci kafin a motsa. A kuma naɗi daƙiƙa 30 na shirun ɗakin, zai yi amfani wajen cike giɓi.

Kada a tace a ranar, kunne ya gaji. Washegari a zaɓi zubin da ya fi rai, ko da yana da ɗan tuntuɓe, a mayar da shi ginshiƙi, a ɗauko gyara daga sauran. Ana yanka ne dab da faɗuwar guduma a kan sabon sauti, inda aka saki feda, a sa gajeriyar narkewa tsakanin yankuna biyun, sabon bugun zai rufe ɗinkin. Gyaran sauti kuwa a taƙaita shi. Ana iya yanke abin da ke ƙasa da Hz 25, inda babu kiɗa sai girgizar motoci, a kuma rage desibel 2 ko 3 a wajen Hz 200 zuwa 300 idan ɗakin ya cusa sautin. Idan an ɗauka daga kusa, a ƙara amon zaure na manhaja kaɗan, a ɗaga shi har a ji shi sarai sannan a rage rabi. Manhajar cire hayaniya da ta matse sauti, waɗanda ake yi wa waƙoƙin zamani, suna cinye bambancin raɗa da tsawa, wanda shi ne abin da aka zo ɗauka tun farko.

A ƙarshe a ɗaga sautin gaba ɗaya har ƙololuwarsa ta tsaya desibel 1 ƙasa da sifili. Zai fito ƙasa da waƙoƙin da ake ji a rediyo, kuma ba laifi ba ne, domin dandali irin su Spotify da YouTube suna rage waɗanda suka cika ƙara zuwa wajen LUFS 14 ƙasa da sifili (LUFS ma'auni ne na matsakaicin ƙarfin sauti kamar yadda kunne yake jin sa). A saurara a hedfon, da lasifikar waya, da cikin mota, kafin a ce an gama. Wanda zai ɗora a intanet ya lura cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, kiɗa yana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya tsara shi, don haka tsofaffin kaɗe-kaɗe da abin da mutum ya tsara da kansa ba su da matsala, na zamani kuwa sai da izini. A ajiye asalin fayil ɗin a tsarin WAV, wanda ba a matse shi ba, a wuri biyu, a kwamfuta da kuma filasha ko ma'ajiyar intanet, tare da hoton wurin da sanduna suka tsaya, a fitar da kwafin MP3 mai kilobit 320 don rabawa. Idan ta WhatsApp za a aika wa 'yan uwa, a tura shi a matsayin dokumen, kada a kunna shi a lasifika a sake ɗauka da saƙon murya, domin ta haka ne kawai zai isa gare su yadda ya bar kwamfutarka.